Ranar da na taka kufan garin da dam ya cinye

Ni dai gaskiya ba tarihi ne ya kai ni dam ɗin Ladybower da ke kusa da Sheffield a Ingila ba, wani bidiyo ne na gani a waya, wani ƙaton rami zagayayye a cikin ruwa kamar bakin mazurari, ruwa na ta kwarara ciki ta ko'ina ba ƙaƙƙautawa, nace kai wannan haɗin kwamfuta ne ba wani abu ba, sai ɗan ajinmu da muke gida ɗaya a Sheffield yace wallahi gaske ne malam, kuma in muka tashi yanzu ko awa biyu ba za mu yi ba muna tsaye a kansa. A 2022 ake wannan magana, shekarar da Ingila ta ga zafin da ba ta taɓa gani ba, a watan Yuli ma'aunin zafi har ya haura 40, ruwan sama ya ɗauke ƙafa, ciyawar filayen wasa duk ta ƙone. Mu kuwa da yake ba lissafi muka yi ba, ko a ranmu ba mu kawo cewa in an yi fari dam ja da baya yake yi ba, in ya ja baya kuma ramin nan me zai sha? Haka dai muka sa rana, wata Asabar a farkon Oktoba.

Tafiyar ba wahala. Jirgin ƙasa muka hau daga Sheffield, wanda ke bi ta kwarin Hope zuwa Manchester, minti ashirin da ɗoriya muka sauka a wata ƴar tasha ana ce mata Bamford, ba kowa sai mu da wasu tsofaffi biyu masu sandunan hawan dutse da manyan takalma, ni ko farin kambas ne a ƙafata sabo fil, matar ta kalli ƙafata ta kalli mijinta ba ta ce komai ba, sai daga baya na gane fassarar wannan kallo. Daga nan akwai wata hanyar ƙafa da ake kira Thornhill Trail, miƙaƙƙiya ce sumul cikin bishiyoyi, ba hawa ba gangara na a zo a gani, har nake ce wa mutumina waɗannan mutane ko hanyar daji sai sun auna ta da ma'auni. Ashe tsohon layin dogo ne aka cire ƙarafunan. Tun farkon shekarun 1900 aka shimfiɗa shi don kawai a riƙa jigilar duwatsu daga wajen fasa dutse na Bole Hill kusa da Grindleford zuwa can saman kwarin inda ake gina dam biyu na farko, dutse sama da tan miliyan ɗaya ya bi ta wannan hanya da muke takawa muna hira. Wannan shi ne abu na farko da ya sa na ɗan rage surutu na fara karanta allunan da aka kakkafa a gefen hanya.

Mun fito daidai ƙarshen bangon dam ɗin ta yamma, na ruga da waya a hannu na leƙa, sai ga ramin nan tsaye a bushe ƙamas kamar wata ƙatuwar rijiya da aka gina a sama, ruwa yana can ƙasa nesa da bakinsa. Haba! Na juyo na kalli mutumina, shi kuma ya ɗauke kai wai yana duba taswira. Amma fa ko a bushen abin kallo ne, faɗin bakinsa mita 24 ne, an jera dutse hawa-hawa yana tsukewa zuwa ƙasa har ya koma ƙasa da mita 5, kuma biyu ne, ɗaya a kowane gefen bangon. Aikinsu shi ne in tafkin ya cika ya batse, maimakon ruwa ya haura ta saman bango sai ya faɗa cikinsu ya bi ta ƙarƙashi ya fita kogin Derwent. Dalilin da ya sa ba a yarda ruwa ya haura bangon Ladybower shi ne ba ginin dutse ba ne, tarin ƙasa ne aka yi masa zuciya da yumɓu, in ruwa ya fara bi ta kansa zaizaye shi zai yi. Ƙarƙashinsa kuma sai da aka haƙa rami mai zurfin wajen mita 55 aka cika da kankare don kada ruwa ya sulale ta ƙasa. In ka gan shi ta baya sai ka rantse tudu ne na Allah da Annabi, ciyawa shar, tumaki na kiwo.

Nan a kan bangon muka haɗu da dattijon da ya gyara mana ranar. Yana zaune kan benci da wani tsohon kare, ya ga yadda nake ta ƙorafi, sai yace samari kun zo ganin rami ne? Muka ce eh Baba. Yayi dariya yace ai wannan sai ku dawo cikin hunturu in an sha ruwan sama, amma abin da za ku gani yau mutane na shekara da shekaru suna jira ba su gani ba, ku bi gabar gabas ku miƙe, garin ya fito. Nace wane gari Baba? Yace Derwent mana. Ya nuna mana wasu gidajen dutse jere a ƙasan dam ɗin, wajen da ake kira Yorkshire Bridge, yace kun ga waɗancan, hukumar ruwa ce ta gina su ta zuba mutanen da aka tasa.

To a nan ne labarin ya fara haɗuwa a kaina, sauran kuma na tsince shi a alluna da ɗan abin da na karanta da na koma gida. A ƙarshen ƙarni na 19 biranen masana'antu na yankin, Sheffield da Derby da Nottingham da Leicester, sun cika maƙil da jama'a, ruwan sha ya zama rigima, kowa ya ƙyalla ido kan wannan kwari saboda ruwan sama ba ya yanke masa, ga shi tsukakke mai zurfi ga dutse mai ƙwari, wato daidai wajen tare ruwa. Maimakon su yi ta ja-in-ja sai aka haɗa su a hukuma ɗaya a 1899. Aka gina dam ɗin Howden daga 1901 zuwa 1912, aka gina dam ɗin Derwent daga 1902 zuwa 1916, duk can sama inda gidaje ba su da yawa. Amma birni ai ba ya ƙoshi, ba a jima ba aka ga ruwan bai isa ba, sai aka gangaro ƙasa inda ƙauyuka biyu suke, Ashopton da Derwent. Aikin Ladybower ya fara a 1935, yaƙin duniya na biyu ya zo ya same shi ma'aikata da kayan aiki suka yi ƙaranci amma ba a tsaya ba, aka gama a 1943, ruwa ya ɗauki shekara biyu yana taruwa, Sarki George na shida ya zo ya buɗe ranar 25 ga Satumba 1945. Tafkin yana cin ruwa lita kusan biliyan 28.

Muka tsallaka bangon muka bi gefen titi, wannan ɓangaren ba daɗi, motoci da babura ne kawai ke wucewa fuu, har muka kai babbar gadar Ashopton wadda titin Snake Pass ke hawa. Abin da ya tsaya min a rai game da gadar nan shi ne tun mutanen Ashopton na cikin gidajensu aka fara gina ta, akwai tsofaffin hotuna, ga ƙauye a ƙasa da masaukin matafiya da ɗakin ibadarsu, ga ginshiƙan kankare sun miƙe can sama da rufin gidajen. Kai ka duba, ka fito da safe ka ɗaga kai ka ga gada a sararin sama ba ruwa ƙarƙashinta, ka san cewa kai ne ƙarƙashin, ruwan kuma yana hanya. Ni a ganina wannan ya fi ranar tashin ma ciwo. Shi Ashopton ko an yi fari ba ya fitowa, yana wajen da ya fi zurfi kuma laka ta binne shi, don haka leƙawa kawai muka yi muka ga ruwa baƙi muka wuce.

Daga gadar muka saki titi muka kama hanyar gabar gabas, tafiya ce ta kusan minti arba'in, kuma tun daga nesa za ka ga yadda ruwan ya ja, wani faffaɗan zobe na busasshiyar ƙasa da tsakuwa ya zagaye tafkin, laka ta daddare ta tsattsage. Sai da muka iso inda wani ɗan rafi mai suna Mill Brook ke shiga tafkin sannan muka ga mutane tsilli-tsilli can ƙasa suna yawo a hankali kowa kansa a sunkuye kamar masu neman allura.

Bari in gyara wani abu da nima da shi na je a kaina. Mutane na ɗauka garin yana nan a tsaye cikin ruwa, gidaje da ƙofofi da tagogi, kifi na shiga yana fita. Ba haka ba ne, kafin ruwa ya zo sai da aka rushe kusan komai. Abin da za ka tarar kufai ne, tushen gini, tarin sassaƙaƙƙun duwatsu, layin katanga da za ka iya bi ka gane nan ɗaki ne nan lambu ne, da ƴar gadar dutse a kan rafin wadda har yau ba ta faɗi ba. Amma wallahi da gidajen na tsaye ina jin ba zai taɓa ni kamar yadda wannan ya taɓa ni ba. Na tsaya a wani waje da na tabbata ƙofa ce, dutsen dokin ƙofar ya lotsa a tsakiya saboda taku, nace a raina ƙafa nawa ce ta cinye dutsen nan haka, yara da gudu, tsofaffi da sanda, sai kuma rana ɗaya wani ya taka shi ya fita bai sake dawowa ba. Mutumina da ba ya rabo da barkwanci shi ma shiru yayi.

Gaba kaɗan akwai kufan Derwent Hall, babban gidan garin, wanda iyalin Balguy suka gina a 1672, daga baya ya koma hannun Duke na Norfolk, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya zama masaukin matasa masu yawon duwatsu. Gidan da ya shekara sama da 270, yanzu sai ginshiƙan ƙofar shiga da tarin duwatsu masu ado a kwance cikin taɓo. Can kuma tarin cocin garin ne wanda aka gina a 1867. Ibadar ƙarshe da aka yi a cikinsa ranar 17 ga Maris 1943 ce. Matattun da ke maƙabartar cocin ma ba a bar su ba, an tono su, gawa sama da 280, aka kai Bamford aka sake binnewa, wato garin da muka sauka daga jirgi da safe muka wuce ko waiwaye ba mu yi ba. An rushe cocin amma aka bar hasumiyarsa a tsaye wai don tunawa, ruwa ya taso ya kewaye ta, ta zama ita kaɗai ce ke leƙowa a tsakiyar tafki, jama'a suka riƙa tururuwa zuwa kallo, masu ƙarfin hali har iyo suke yi su je su taɓa ta, hukuma ta ga wata rana za a kwashi gawa, sai aka sa mata nakiya ranar 15 ga Disamba 1947. Har yau akwai masu cewa wai in dare yayi tsit ana jin ƙararrawar cocin na kaɗawa daga ƙarƙashin ruwa. Labari ne mai daɗi amma ƙararrawar tana can rataye a wani coci a Chaddesden cikin Derby, lafiyarta ƙalau.

To a nan ne farin kambas ya gamu da ajalinsa. Na hango wani dutse mai zane can gaba nace bari in matsa in ɗauka da kyau, ƙasar a ido busasshiya ce har da tsaga, ina taka ta sai ji nayi lum, ƙafar dama ta shige har ƙauri, na yunƙura in zaro ta hagu ma ta bi, ashe ɓawo ne kawai a sama ƙarƙashi kuwa laka ce ta shekara saba'in da wani abu, baƙa mai wari. Mutumina maimakon ya kawo hannu sai da ya fara ɗaukata hoto tukuna, Allah ya isa ban yafe ba. Da ƙyar ya jawo ni, takalmi ɗaya ya zauna a ciki sai da na zura hannu har gwiwar hannu na laluɓo shi. Dariya muka yi amma abin ba na wasa ba ne, a 2018 da ruwan ya ja irin haka sai da masu aikin ceto suka zo suka zaro wani mutum da ya kafe a lakar nan. A shekarar ce kuma wasu suka riƙa kwashe duwatsu suna rubuta sunayensu a jikin kufan, abin da ya ɓata wa mutanen yankin rai ƙwarai. Nima na ga wani yaro ya ɗauki ɓallin tangaran zai sa aljihu, uwarsa tace maida shi inda ka gan shi, na wani ne. Wannan "na wani ne" ɗin ta burge ni, don mai shi ya daɗe da mutuwa amma ba ta ce na kowa ba ne.

Na wanke abin da zai wanku a rafin muka ci gaba, ƙafa na ƙugi cakal-cakal, har muka iso ƙarƙashin dam ɗin Derwent. Wannan shi ne wanda ke da kwarjini, bangon dutse zalla tsayinsa ya haura mita 30, da hasumiya biyu kamar na gidan sarautar da, in ka tsaya a filin ciyawar da ke gindinsa ka ɗaga kai sai hularka ta nemi faɗuwa. Shi ruwa ta samansa yake malalowa in ya cika, ranar dai ko ɗigo babu. Waɗanda suka ɗora duwatsun nan ma da nasu garin, Birchinlee, ana masa laƙabi da garin kwano saboda duk ɗakunan da kwanon rufi aka yi su, mutum kusan 1,000 leburori da iyalansu, da makaranta da asibiti da gidan waya da ofishin ƴan sanda, da yawansu daga aikin dam na kwarin Elan a Wales suka taho. Ana gama aiki aka kwance garin kaf aka sayar da kwanukan, kamar an yi ruwa an ɗauke. Wato kwarin nan gari uku ya ci ba biyu ba, sai dai na ukun ba a cika jin ana masa kuka ba, ƙila don na leburori ne ƴan ci-rani.

A hasumiyar yamma akwai dutsen tunawa da runduna ta 617 ta sojan saman Birtaniya, kuma da yawa cikin masu zuwa nan saboda su suke zuwa. A 1943 a kan wannan ruwa suka riƙa atisaye da jiragen Lancaster, suna tashi ƙasa-ƙasa mita 18 kacal sama da ruwa cikin dare, saboda hasumiyoyin Derwent sun yi kama da na dam ɗin Möhne a Jamus wanda suke shirin fasawa da wani bam da injiniya Barnes Wallis ya ƙera, mai tsalle a kan ruwa kamar in ka wurga faffaɗan dutse. Daren 16 zuwa 17 ga Mayu jirgi 19 suka tashi ƙarƙashin Guy Gibson, yaro ɗan shekara 24, suka fasa dam ɗin Möhne da na Eder, jirgi 8 ba su dawo ba, mutum 53 cikin 133 suka mutu. Abin da allon bai tsaya a kansa ba, sai da na je gida na karanta, shi ne ambaliyar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen 1,600, kuma mafi yawansu ba ma Jamusawa ba ne, fursunonin yaƙi ne da mutanen da aka kamo aikin tilas, akasari daga Tarayyar Sobiyet, mata da yawa a ciki. Na yi ta juya abin nan a raina, a shekara ɗaya, a kwari ɗaya, a ƙasa ana rufe coci ana kwashe kaya saboda ruwa zai zo a hankali, a sama kuma jirage na koyon yadda za su saki ruwa kan wasu mutanen a dare ɗaya.

Ƴan taku kaɗan daga nan a bakin hanya akwai wani ƙaramin dutse da saura kaɗan mu wuce shi, na wata karyar kiwo ce mai suna Tip. Maigidanta Joseph Tagg tsohon makiyayin tumaki ne ya haura shekara 80, ya fita kan tsaunin Howden ranar 12 ga Disamba 1953 bai dawo ba, aka yi nema aka gaji dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai ranar 27 ga Maris 1954 aka tsinci gawarsa, karyar na kwance kusa da shi da ranta, sati 15 cur. Jama'a ne suka yi karo-karo aka kafa mata dutsen. Mutumina da ke tsoron kare kamar me ya karanta ya sake karantawa, yace kai malam, wannan ta fi wasu mutanen.

Niyyarmu mu ƙarasa har Slippery Stones can ƙarshen Howden, don a nan ne aka sake gina tsohuwar gadar fatake ta garin Derwent, ta ƙarni na 17, wadda aka kwance dutse bayan dutse aka sa wa kowanne lamba aka adana, sai 1959 aka mayar da ita tsaye a sabon waje.  Amma da muka duba taswira muka ga nisan, ga rana ta karkata ga ƙafata ta fara tashin bororo cikin jiƙaƙƙen takalmi, sai muka haƙura muka juyo ta gabar yamma. A hanyar ne muka ci karo da dutsen tunawa da ƴan garin Derwent da suka mutu a yaƙin duniya na farko, shi ma ɗauko shi aka yi daga cikin gari aka hau da shi tudu, yana fuskantar inda garin yake, daga wajen kana hango mutane ƙanana-ƙanana suna ta yawo cikin kufan.

Jirgin da muka yi niyyar kamawa muna hango shi ya bar Bamford, sai da muka zauna kusan awa ɗaya a tasha sanyi na shiga ƙashi, laka na bushewa tana ɓarewa daga wandona. Da na isa gida na tura takalmin ƙarƙashin famfo ina ta dirza da tsohon buroshi, mutumina na tsaye bakin ƙofa yana tuna min wai akwai ramin ƙarƙashin ƙasa mai tsawon kilomita 7 da ke ɗauko ruwan kwarin nan ya kawo dam ɗin Rivelin don mutanen Sheffield, don haka ƙila da ruwan Derwent nake wanke lakar Derwent, nace to ya zo ya karɓi ƙafa ɗaya ya taya ni, yace shi bai taka ba. Wanki uku nayi masa, har yau kambas ɗin ruwan toka ne.